Jariri Ba Ya Rawar Ɗari

Da zarar Disamba ta raba, hazo ya rufe gari, 'yan gwanjon Ƙofar Wambai a Kano sukan fara ɓalle dilolin kayan sanyin yara. Suwaita, hular ulu, safa, bargo, kowace uwa tana ɗagawa tana gwada tsawon da hannu. Wata tsohuwar ungozoma da unguwarsu ke kira Inna, wadda ta yi aikin asibiti a Jos da Kano har ta yi ritaya, yanzu kuma ta haura saba'in, tana jin daɗin wannan hidima. Sai dai shekarun da ta yi tana karɓar haihuwa sun nuna mata cewa sayen kaya rabin aiki ne. Yawancin jariran da aka kawo mata jikinsu ya yi sanyi ƙarara suna da kaya a akwati. Sanyin ya same su ne a wasu 'yan mintoci da babu wanda ya lura: bayan wanka, kan babur da asuba, ko cikin jiƙaƙƙen kunzugu da tsakar dare.

Abu na farko da takan fahimtar da masu jego shi ne jikin jariri daban yake da na babba. Fatarsa siririya ce, kitsensa kaɗan, kansa kuwa babba, ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatar jikinsa. Babba idan ya ji sanyi sai ya kama rawar ɗari, wannan karkarwar ce ke haifar masa da ɗumi. Sabon jariri ba ya yin haka. Wani kitse na musamman da ke tsakanin kafaɗunsa da wuyansa yake ƙonawa, ƙonawar kuma tana cinye sukarin jininsa da iskar da yake shaƙa. Idan abin ya yi nisa, ba kuka zai tsananta ba, lafewa zai yi, ya yi ta barci, ya ƙi kama nono. A gida sai a riƙa yabonsa, ana cewa yaron nan ba shi da rigima. Inna ta fi jin tsoron wannan shirun fiye da kowane irin tsala ihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa ɗumin jikin jariri, idan an auna a hammata, ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Duk abin da ya gaza haka, sanyi ya fara shigarsa.

Babu inda ta fi shan gumurzu kamar batun wankan farko. A al'ada, da an yanke cibiya sai a ɗauko soso da sabulu a dirje jariri, a kankare farin maiƙon nan da ya fito da shi, wai don kada ya riƙa ƙarni idan ya girma. Jiƙaƙƙen jariri kuwa, idan aka bar shi a buɗe, ɗumin jikinsa kan iya faɗuwa da digiri 2 zuwa 4 cikin minti 10 zuwa 20 na farko. Shi ya sa shawarar likitoci a yau ita ce a tsane shi da busasshen zane nan take, a jefar da wannan zanen a sake wani, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, a jinkirta wanka har awa 24, idan kuma hakan ya gagara to aƙalla awa 6. Farin maiƙon ma kariya ce ga fata, da kansa yake shigewa. Inna ta gane tun tuni cewa faɗa da kakanni ba ya haifar da ɗa mai ido, domin washegari ita za ta koma bakin aikinta, su kuwa suna nan tare da jaririn. Sai ta riƙa kiran surukar mai jegon gefe, ta gaishe ta da kyau, ta ce: "Hajiya, kawo hannunki ki taɓa ƙafarsa." Tsohuwar da ta ji tafin ƙafar jikanta kamar randa da asuba ba ta ƙara neman wata hujja.

Wankan yau da kullum ma akwai dabararsa a hunturu. A ɗaga shi daga asuba zuwa hantsi, a rufe ƙofa da taga, a jera tawul da kaya kusa kafin a tuɓe yaro, a gama da sauri, kai ya zama na ƙarshe, a tsane shi sosai, a shafa man kaɗanya ko basilin saboda bushewar iska. Akwai kuma wani abu da ta daɗe da lura da shi. Mutanenmu suna tsoron sanyi ga mai jego ƙwarai, har kwana arba'in ana wankan tafasasshen ruwa da ganye ana shan kunun kanwa, al'adar da likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka danganta da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Amma a daidai lokacin da uwa take banɗaki tana wannan dogon wanka da sassafe, sau da yawa jaririn yana kwance shi kaɗai a kan gado, ƙofa a buɗe ana shige da fice da bokitin ruwa. Kowa hankalinsa na kan uwa. Roƙon Inna shi ne wani ya rungume jaririn har ta fito.

To amma kishiyar wannan ma ta gan ta sau ba adadi, musamman a layin riga-kafi. Za a kawo jariri da rana tsaka, an sa masa shimi, an ɗora riga mai haɗe da wando, an ƙara suwaita, ga hula, ga shawul, ga bargo, sannan an goya shi an lulluɓe da hijabi. Idan aka kwance shi, fuska ta yi ja, gashi ya jiƙe, wuya duk ƙurajen zafi. A Kano cikin Janairu dare kan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, amma da azahar zafi kan kusanci 30. Kayan da suka dace da asuba sun yi yawa da rana. Gumin da ya jiƙa shimin da rana, shi ne zai koma sanyi a jikin yaron bayan magariba. Zafin da ya wuce kima da rufe fuskar jariri da bargo suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin mutuwar fuju'a a cikin barci, don haka ba ta ɗaukar wannan da wasa.

Ƙa'idarta mai sauƙi ce, kuma ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya: uwa ta dubi abin da ke jikinta wanda ya wadatar da ita, ta ƙara wa jariri ɗaya ko biyu a kai. Gara sirara biyu ko uku da za a iya ragewa, da ƙatuwar riga guda mai kauri. Auduga ta kasance ita ke taɓa fata, ulu daga sama. Sauran aikin na hannu ne. A ɗora bayan hannu a cikinsa, sannan a tafin ƙafarsa. Idan duka da ɗumi, lafiya lau. Idan ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, a sa safa a rungume shi a ba shi nono. Idan duka biyun sun yi sanyi, a tuɓe shi a manna shi da ƙirjin uwa a rufe su tare, a nufi asibiti a haka. Idan kuwa ƙeya ta jiƙe, a cire riga ɗaya.

Wannan mannawa da ƙirji ita ce abin da ya fi burge ta a duk canje-canjen da ta gani a aikinta. A 1978 wani likitan yara a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya fara ɗaura jariran a ƙirjin iyayensu, fata da fata, daga su sai kunzugu da hula. A 2021 aka wallafa sakamakon wani bincike da aka yi a Ghana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Nijeriya, inda asibitin koyarwa na Ile-Ife ya shiga ciki. An gano cewa fara wannan reno nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin 100. A shekara ta gaba Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta ga bakwaini. Inna takan ce mu da muka tashi da goyo bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, zane da majanyi duk muna da su. Bambancin kawai a gaba ake ɗaurawa, babu riga a tsakani, kuma uba ko kaka ma suna iya karɓar uwa ta huta. Goyon baya na yau da kullum kuwa yana ɗumama ciki da ƙirji, amma kai da ƙafafu a waje suke, su iska ke duka idan aka hau babur.

Idan aka zo maganar wuta, muryarta kan canza. Ta taɓa karɓar uwa da jariri da aka ɗauko daga wani ƙauye a sume, bayan an shigar musu da kaskon garwashi ɗaki an toshe ƙofa da taga don kada sanyi ya shiga. Uwar ta farfaɗo, jaririn bai tashi ba. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yakan fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, kuma mai barci ba ya jin shigarta. Idan dole ne a ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar iska ta ratsa. Ga kuma ƙuna, da ke yawaita a wannan lokaci ga masu rarrafe da masu tatata, suwaitar roba kuwa idan ta kama wuta narkewa take ta manne a fata. Hayaƙin ma yana raunana huhu. Mutane suna cewa sanyi ne ke kawo ciwon haƙarƙari, alhali ƙwayoyin cuta ne, hayaƙi da cunkoso a ɗaki ɗaya kuma suna buɗe musu hanya. Takan koya wa iyaye ƙirga numfashi na minti guda yayin da yaro yake natse: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar. Wanda ya kai haka, asibiti yake bukata, ƙarin bargo ba zai yi masa komai ba.

Kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan sanyi ma ta hana. Sinadarin da ke cikinsa yana farfasa jinin wasu jarirai masu wata larura ta gado da ta yawaita a Nijeriya, sai shawara mai tsanani ta biyo baya. Duk kayan da suka kwana da kafur, da na gwanjo, a wanke a shanya a rana kafin su taɓa jikin yaro. Man zafi kuma kada ya kusanci hancin jariri.

'Yan yaye da masu shekara biyu zuwa uku su ne aka fi mantawa, musamman idan an yi musu ƙane. Da sassafe za a ga ɗayansu a tsakar gida, sama suwaita har da hula, ƙasa ba wando ba takalmi, yana zaune daɓas a kan siminti. Da dare kuma sukan yi fatali da bargo, su yi fitsarin kwance su kwana a jiƙe, don haka gara a sa musu dogon wando da safa su kwana da su, a kuma ajiye na canji kusa. Mai sikila a cikinsu ya fi kowa bukatar kula, domin sanyi na tayar masa da ciwon ƙashi.

Rashin kuɗi bai taɓa hana ta samo mafita ba. Hannun tsohuwar suwaitar babba, idan aka yanke aka ɗinke baki ɗaya, ya zama hula. Kwali ko buhu a ƙarƙashin tabarma yana tare sanyin ƙasa. Ta kuma lura cewa tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara yakan riƙe zafin rana har asuba, ɗakin bulo mai kwano ba silin kuwa tun tsakar dare yake sakin nasa. Saboda haka duk magidancin da matarsa za ta haihu a hunturu, idan ya zo gaishe ta, takan tambaye shi ɗakin da za a yi jegon, ta sa shi ya toshe fasasshiyar taga da gibin ƙasan ƙofa tun cikin Nuwamba, kafin ya fara lissafin ragon suna.