Sau Biyu Muka Gyara Makewayin Gidanmu

 A wannan wata za mu ba ku labarin wani aiki da muka yi a gidanmu na gado da ke Nima, a birnin Akra. Aikin ya ci mana kuɗi har sau biyu, kuma saura kaɗan ya ci mana abin da ya fi kuɗi.

Mu bakwai marigayi Baba ya bari, da mahaifiyarmu Inna, wadda yanzu ta haura shekara saba'in. Wurin wankan da muka taso muka tarar ɗan ɗaki ne a ƙuryar gida, daɓensa na siminti duk ya tsattsage, gansakuka ta kama bango, ruwa kuwa yana bin wata 'yar kafa ya faɗa kwata. Kusa da shi akwai masai irin na bokiti, wanda ake zuwa kwashewa cikin dare. A shekarar 2008 Kotun Ƙoli ta Ghana ta umarci hukumar birnin Akra ta kawar da irin wannan masai, mu ma daga baya muka rufe namu. Daga nan kowa a gidan sai ya ɗauki buta da 'yan canji ya tafi na jama'a ya shiga layi. Annobar kwalara ta 2014, wadda ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan ta kuma kashe sama da 200, ta tsorata mu ƙwarai. Amma da yake gidan gado ne, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sa hannu a aljihu, haka shekaru suka yi ta wucewa.

Da Yayanmu da ke Jamus ya aiko da kaso mafi tsoka, sai muka haɗa sauran. Tare da kuɗin ya turo hoton ban-ɗakin da yake so: tayil fari mai sheƙi tun daga ƙasa har sama, masai na zama, madubi, da shawa. Mun yi taro har sau uku a kan launin tayil da irin ƙofa. Duk zaman nan Inna tana gefe a kan tabarma tana jan carbi, babu wanda ya juya ya ce, "Inna, me kika gani?"

Aiki ya ƙare, ya yi kyau, maƙwabta har shigowa suke yi kallo. Amma bayan 'yan kwanaki muka lura Inna tana fita da butarta kafin asuba kamar dā. Ƙanwarmu ta tare ta a zaure ta ce, "Haba Inna, don ke fa aka yi wannan aiki." Sai ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Amma kun dubi inda abin zaman nan ya fuskanta? Ni da tsufana ba zan zauna in fuskanci alƙibla ba." Muka je muka duba, ashe kuwa gabas yake kallo. Malamai sun yi bayani a kan hukuncin haka idan a cikin gini ne, amma Inna ba fatawa take nema ba, zuciyarta ce ba ta kwanta ba.

Ba a nan kuskurenmu ya tsaya ba. Famfo ba kullum yake kawo ruwa a unguwarmu ba, masai na zama kuwa yana cin lita 6 zuwa 9 a kowane ja. A gida mai mutum kusan ashirin, kafin azahar an ƙarar da abin da aka tara. Magini kuma bai karkatar da daɓe zuwa magudana ba, saboda haka ruwan sabulu yana kwanciya a kan tayil.

Wata ranar Juma'a Inna ta shiga wanka, santsi ya kwashe ta. Muka ji ƙara muka ruga, sai ƙofa ta ƙi buɗuwa, domin ciki take buɗewa, Inna kuma ta faɗi a bayanta. Sai da aka kira kafinta ya cire ƙofar ɗungurungum, muna tsaye muna jin nishinta ba mu da yadda za mu yi. Allah ya taƙaita, hannu ne ya karye ba ƙugu ba. Likita ya gaya mana cewa karayar ƙugu ga tsoho takan kwantar da shi, wani ma ba ya sake tashi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu bangon tun wurin shawara ya tsage. A aiki na biyu sai muka zaunar da sabon magini gaban Inna, muka ce, "Malam, ga mai ɗakin, ita za ka saurara." Aka farfasa tayil ɗin ƙasa aka sa mai kaushi, aka karkatar da daɓe yadda ruwa ke wucewa nan take. Aka juya masai ya kalli kudu, aka kuma bar shi na zama saboda gwiwoyinta, da ƙaramin famfo kusa da hannu don cika buta. Aka kafa ƙarfen riƙewa a bango, aka sa 'yar kujerar wanka, ƙofa ta koma buɗewa waje, aka ƙara fitila mai haske. Muka sayi tanki don tara ruwa. Shawa tana nan ga yara, amma Inna ta ce a bar mata bokitinta da kwanon ɗiba, aka bar mata. Madubi kuwa ta ce a kai wa ƙanwarmu.

Yaya ya ɗan ji zafi da ya ga sabon hoto, domin bai kai na farko kyau ba. Amma da ya ji muryar Inna a waya tana cewa yanzu ita kaɗai take wanka ba mai riƙe ta, sai ya yi shiru, can ya ce alhamdu lillahi.

To 'yan'uwa, gidaje da yawa a zangunanmu suna shirin irin wannan gyara, kuma abu ne mai kyau, domin tsafta cikon addini ce. Roƙonmu shi ne, kafin ku je kasuwa zaɓen tayil, ku fara shiga ɗakin wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ku durƙusa ku tambaye shi yadda yake so. Makewayin da tsohuwa za ta shiga cikin dare ita kaɗai ta fito lafiya, kowa ma zai iya shigarsa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, waɗanda suka riga mu kuma ya jiƙansu, amin.