Daga Bodinga Zuwa Shagari: Aikin Gwamnati Da Gidan Talaka

Wanda ya shiga mota a Sakkwato ya nufi Tambuwal ko Jega, da wuya ya iya nuna daidai inda birni ya ƙare. Ana barin manyan makarantu da mararrabar filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a baya, amma katangun bulo ba sa daina bin titi. Wani wurin an kewaye fili ne kawai an sa ƙofar ƙarfe, babu kowa a ciki sai ciyawa. Wani wurin kuma an dasa turakun siminti a kusurwoyin gona, gero na tsaye a tsakiya kamar bai san an sayar da ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba. Birni ne ke tafiya kudu, kuma Bodinga ce a gabansa.

Idan kun taɓa karanta tarihin jihadi a aji, sunan garin nan ba baƙo ba ne gare ku. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Bodinga, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Bodinga ya zauna a wancan lokaci. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne, malaman nan ba salla da azumi kaɗai suka yi rubutu a kai ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya soki sarakunan ƙasar Hausa kan haraje-harajen da suke ɗora wa talakawa ba bisa ƙa'ida ba, har da jangali. Malam Abdullahi ma yana da littafi mai suna Ta'alimur Radi, wanda ya yi shi a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙin mallakar fili. Ke nan maganar haraji da maganar ƙasa sun haura shekara ɗari biyu ana yin su a wannan yanki.

Bodinga ta yau gari ne na bakin hanya. Ga masu tsire da masu shayi, ga 'yan kabu-kabu sun jeru a inuwar dogon yaro, ga jajayen awakin nan da aka san Sakkwato da su suna tsallaka titi yadda suka ga dama. Idan mutum ya bar kwalta ya shiga ciki, sai ya tarar da lunguna ƙanana, gidajen laka da na bulo kafaɗa da kafaɗa, da rumbuna a bayan gida. Irin waɗannan unguwanni ne mai zanen taswira a ofis ke kallo ya ce sun cunkushe, suna bukatar titi da magudanar ruwa. Kuma gaskiyarsa. Duk wanda damina ta taɓa cinye wa katanga ya san darajar kwalbati. Sai dai a tasha na ji wani dattijo yana gaya wa yaron mota cewa shi ba titi yake tsoro ba, jan fenti yake tsoro, wato alamar da ake shafawa a bangon gidan da za a rushe.

Kafin mu je ga dalilin tsoronsa, mu tsaya kan kuɗin da ake irin wannan aiki da su. Ana cewa kuɗin gwamnati, kamar gwamnati tana da wata gona da take nomawa. Wani kaso daga man fetur yake fitowa, wani kuma daga aljihunmu. Tun watan Fabrairun 2020 harajin kayan saye da ake kira VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, kuma duk ɗalibin da ya sayi kati ko data ya biya shi, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗan kabu-kabu na yankar tikiti, mai tumatir a kasuwa na biyan kuɗin rumfa. Don haka idan katafila ta zo unguwa, da kuɗin mutanen unguwar a cikin man da take sha.

Dalilin tsoron dattijon nan yana cikin wata doka da ya kamata kowane ɗan sakandare ya san sunanta: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa. Dokar ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili idan za a yi aikin da zai amfani jama'a. Sashe na 29 ya ce a biya diyya, amma diyyar ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Ku duba yadda wannan ke faɗa wa mutane. Mai gidan siminti da tayil, kuɗinsa za su fito da kauri. Mai ɗakin laka da ya gada tun kakanni, abin da za a ƙiyasta masa ba lalle ne ya sayi ko rabin fuloti a bakin gari ba. Ɗan haya ba shi cikin lissafi. Matar da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida ta rasa masu saye da ta yi shekara ashirin tana tarawa, wannan kuwa babu ma'aikacin da ke auna shi da tef. A Legas an ga ƙarshen abin: a watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta ba mutanen unguwar Maroko wa'adin kwana bakwai, ta rushe ta. An ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka rasa matsuguni, wurin kuma yau yana cikin filaye mafi tsada a Nijeriya.

Daga Bodinga zuwa Shagari ba wata tafiya ba ce. Gonaki ne hagu da dama, da itatuwan gawo, da ƙauyuka masu rumbunan laka, sai ga gari.

Wanda ya zo Shagari da tunanin zai ga garin shugaban ƙasa mai dogayen benaye, zai yi mamaki. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa, mai madatsar ruwa a kusa da ake noman rani da ita. A nan aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairun 1925, a gidan Magajin gari. Ya yi elemantare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya zama malamin makaranta kafin siyasa ta ɗauke shi. Ya hau mulki ranar 1 ga Oktoban 1979, sojoji suka kifar da shi ranar 31 ga Disamban 1983. Da ya rasu ranar 28 ga Disamban 2018, nan aka dawo da shi aka yi masa sutura.

Ku tambayi kakanninku alamar jam'iyyarsa ta NPN, za su ce muku gida da masara. Abinci da muhalli ya yi wa talaka alkawari, kuma batun muhallin ba a baki ya tsaya ba. An tsara gina gidaje 2,000 duk shekara a kowace jiha cikin jihohi 19 na lokacin, haɗe da Abuja, wato 40,000 a shekara. Mafi yawansu masu ɗaki ɗaya da falo ne, don masu ƙaramin ƙarfi, da nufin mai gida ya riƙa ƙara ɗaki idan hali ya samu. Har yau sunan bai ɓace ba: akwai Shagari Kwatas a Kano, akwai rukunin gidajen Shagari a Barnawa ta Kaduna, da Katsina, da Maiduguri, har Ipaja ta Legas.

Niyyar mai kyau ce, ban kuma ga dalilin ƙwace wa mutumin wannan ba. Amma abin da aka kammala kafin juyin mulki bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yi niyya ba. Farashin mai ya faɗi tun daga 1981, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, 'yan kwangila da yawa suka bar gini a tagogi. Wannan shi ne dalilin da aka fi ambata. Akwai wasu da suka fi shi ciwo.

Gwamnatin tarayya ce ke gini, amma dokar 1978 ɗin nan ta ce fili na hannun gwamna. A jihohin da 'yan adawa ke mulki an yi ta jan ƙafa, a wurare da dama kuma filin da aka bayar yana can bayan gari, ba ruwa, ba wuta, ba motar haya. To lebura da ke fita da asuba neman aikin yini a kasuwa, me zai yi da gidan da kuɗin motarsa ya fi kuɗin cefane? Sai batun zane. Kusan fasali ɗaya aka bi daga Legas har Sakkwato, kamar zafin Afrilu a nan da damshin kudu abu ɗaya ne. Bahaushe kuwa gidansa da zaure yake farawa, inda baƙo zai tsaya. Yana son tsakar gida da katanga saboda iyali, da wurin turke, da inda za a ajiye turmi a hura murhu. Ɗaki da falo a fili fetal bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da an zauna da masu unguwa da matan gida kafin a aza tubali, da sun faɗi duk wannan a zama ɗaya, kyauta. Da aka zo rabo kuma, takarda da sanayya suka yi aiki, gidaje da yawa suka faɗa hannun ma'aikata da 'yan jam'iyya.

A cikin shekarun nan ne kuma aka yi abin da tsohuwar jihar Sakkwato ba ta manta ba. Madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda yau take cikin Zamfara, tun zamanin soja aka gina ta, aka tashi dubban manoma. Da rikicin diyya da rabon gonaki ya ƙi ƙarewa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Manoman nan ba ruwa suka ƙi ba. Haƙƙinsu suka ce a biya.

Idan akwai rukunin gidajen Shagari a garinku, ku je ku gani da idonku, don yanzu birni ya cim ma yawancinsu har ya wuce. Da wuya ku gane ainihin ginin 1980. Masu gidajen sun ja katanga, sun fitar da zaure, sun ƙara ɗakuna a baya, wasu sun fasa shago ta bakin titi, wato sun mayar da gidan yadda da ma ya kamata a zana shi. Ku sami wani dattijo a masallacin unguwar, ku gaishe shi, ku ce: “Baba, wa aka fara ba gidan nan, kuma wace sana'a yake yi?” Ku rubuta amsar, ku bi gida goma a layi ɗaya, sannan ku ƙirga lebura nawa ne a ciki.