Gonar da A Ke Noma Makamashi a Ingila

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin wata gona da na ziyarta a lardin Linkonsha, gabashin Ingila, cikin watan Maris na 2023.

Ƙasar shimfiɗe ta ke kamar faifai. Can na iske wata ciyawa wai ita miskantus, asalinta daga gabashin Asiya. Kamar gamba ta ke, amma tsawonta ya kai ƙafa 10. Don wuta a ke nomanta. In an dasa sau ɗaya, sai a yi shekara 15 ko fi ana yanka. Sa'an nan a niƙa, a matse da inji, ta fito gajejjeru kamar guntayen fensir.

Na tambayi manomin dalilin da ya bar ta tsaye har ta kwana hunturu. Ya ce don ta bushe ne, ganye ya zube, ruwan sama ya wanke gishirin jikinta. Laima in ta wuce kashi 10 cikin 100, dunƙulen sun kasa.

Ya nuna mini toka iri biyu. Ta dunƙulen itace masu kyau ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ta ciyawa kuwa ta kan ninka haka sau biyu ko uku. Gishirin cikinta shi ke sa ta narke in wuta ta yi ƙarfi, ta daskare kamar kashin maƙera, ta toshe hanyar iska, har ƙarfen murhu ya ciwu.

Nan na tuna gida. Ashe gishirin nan dangin wanda iyayenmu mata ke tacewa ne daga tokar kara su zuba a miya.

To, jama'a, itace na ƙarewa a dazuzzukanmu, kara kuwa ga shi jibge. In wata rana an kawo mana wannan sana'a, kada mu ruɗu da kyaun ido. A fara gwada laima, da yawan toka, da murhun da zai ɗauka, kafin talaka ya fid da kuɗinsa.

Allah ya sa mu dace.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.