RANAR DA NA RAKA AUTA JAMI'A

'Yan uwana mata, musamman ku ƙannena 'yan aji shida da kuke zaman jiran sakamako. Na ga saƙonninku kuna tambayar abin da ya sa na yi ɗif wata guda cur ban ci gaba da labarin da na faro ba. To ba aure aka yi min ba kamar yadda wasu suka baza, Autarmu na raka makaranta, na kuma dawo da labarin da ya fi wanda nake rubutawa ci min rai.

A shekarar 2025 ne Allah Ya ba Auta gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ita ce mace ta farko a gidanmu da za ta wuce sakandare, don ni dai kun san a nan na tsaya na kama alƙalami. Umma ta kwashi adashenta, ta sayar da tunkiya biyu, aka haɗa kuɗin rajista da na guzuri. Ana saura sati biyu tafiya, bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida, sai Abba ya ce, "Maganar kuɗin kashewarta ai mai sauƙi ce. Ga ɗan Goggonku can yana aji uku, sai a riƙa tura masa yana ba ta."

Wallahi ji na yi gabana ya yanke ya faɗi. Umma ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai, don ita kaɗai ta san abin da ya taɓa samuna.

Bari in fasa muku ƙwan yau. A 2022 na fara sayar da littafina a WhatsApp, naira 300 kowane mutum. Ba ni da asusun banki a lokacin, sai wanda ke nemana da aure ya ce me zai sa in wahalar da kaina da bin layi, ga nasa. Ni kuwa har wani daɗi nake ji idan na rubuta sunansa a ƙasan kowane shafi. Da farko ba laifi, duk daren Juma'a zai zo zance da kuɗina a ambulan, har da tsire. Sai ga canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kun tuna yadda mutane suka riƙa yin asubanci a bakin banki su dawo hannu rabbana. Mutumina ya ce babu tsabar kuɗi, na yarda, tunda gaskiya ce kowa ya gani. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin, kuɗi suka fara dawowa hannun jama'a sannu a hankali, amma nawa shiru kake ji.

Ina da ɗan littafin da nake rubuta duk wadda ta turo min shaidar biya. Mutum 412 na ƙirga, naira 123,600 ke nan. Ranar da na yi ƙarfin hali na tambaye shi, sai ya haɗe rai ya ce, "Au, tun ba a ɗaura ba har kin fara lissafi da ni?" Kunya ta rufe ni, ni da kuɗina na koma ina ba da haƙuri. Bayan wata huɗu maganar auren ta watse, kuɗin suka bi shi. Wa zan kai wa ƙara? Asusun sunansa ne, alat wayarsa yake shiga.

Shi ya sa daren nan na daure na ce, "Abba ka gafarce ni, ba wai ina zargin Yaya ba ne. Amma Auta mace ce, akwai abin da za ta buƙata duk wata wanda ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa namiji ba." Abba ya yi gyaran murya ya kau da kai. Na ƙara da cewa ko bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024, naira 20,000 ɗin da suke ba ɗalibi duk wata asusun ɗalibin suke turawa, ba na ɗan'uwansa ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, na daɗe da lura da irin kallon da ɗan Goggo yake yi wa Auta tun bikin sallah. Yaron kirki ne, amma yarinyar da sai ta kira saurayi kafin ta ci abincin rana, ranar da za ta ce masa a'a bakinta nauyi zai yi. Abba ya yi shiru can ya ce, "To ku je ku buɗe."

A nan kuma ni na tafka nawa kuskuren. Na ja ta zuwa bankin da nake ajiya, don yana bakin titinmu kuma na saba da wata ma'aikaciyarsu. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba ko suna da injin cire kuɗi a inda yarinyar za ta zauna shekara huɗu. Aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta aka yi mata BVN, lambar nan mai guda 11 da aka fara tun 2014, aka karɓi lambarta ta NIN da ƙananan hotuna. Matar nan ta yi mana wani gata guda. Ta tambayi Auta layin wayarta da sunan wa aka yi masa rajista, ta ce da sunan babban yayanmu. Ta ce maza a je a yi sabo da NIN ɗinta, domin ta layin nan alat zai riƙa shigowa, ta nan za a riƙa turo lambobin tabbatarwa, idan kuma wayar ta ɓata mai sunan ne kaɗai zai iya dawo da layin. Da aka zo zaɓen lambar sirri kuwa, ina kallo Auta ta danna 2007, shekarar haihuwarta, wadda ke rubuce a jikin duk takardar da ke cikin jakarta. Na ce, "Ke Auta, ɓarawon ma ai sai ya yi miki godiya." Ta canja tana tura baki.

Ranar tafiya muka hau mota a Unguwa Uku, muka sauka a Kwangila, muka nufi Samaru. Kuɗin makaranta tuni an biya ta Remita, don haka ban riƙo tsabar kuɗi da yawa ba, wai ni mai dabara. Ashe katifa da bokiti da risho da masu ɗaukar kaya da masu hoton takardu duk suna nan suna jiranmu, wasu su karɓi taransifa, wasu su ce sabis ba kyau sai dai a ba su a hannu. Kafin azahar jakata ta yi fayau.

Muka shiga neman inji. Wata ɗaliba mai kirki ta nuna mana inda bankuna suke, muka zaga muka sake zagawa, ban ga tambarin namu ba. Ta ce sai dai mu shiga gari wajen PZ, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga rana ta take. Ita ce ma ta wayar min da kai a kan caji. Tun daga 1 ga Maris 2025, idan kika cire kuɗi a injin bankinki ba a cajinki komai, amma idan na wani bankin ne naira 100 ce a kan kowace 20,000, in kuma injin ba a harabar banki yake ba, kamar na manyan kantuna, suna iya ɗora har naira 500 a kai. Cirewa uku kyauta da ake yi a wata an soke ta. Abin da ya fi ba ni haushi, ko 2,000 kika cire sai an ɗauki ɗarin nan. Ku lissafa da kanku: yarinya irin Auta da ke tsoron riƙe kuɗi da yawa, ta cire dubu bibbiyu sau goma a wata, naira 1,000 ta tafi a banza, alhali Umma sai ta soya awara faranti nawa kafin ta ga ribar dubu ɗaya.

Ba yadda muka iya, muka bi layi. Injin farko yana zuwa kanmu kuɗi suka ƙare. Muka koma na biyu. Auta ta zura kati da bismillah, ta danna 20,000, injin ya yi ta gurnani kamar zai ba da, sai ya turo katin kawai. Ba a yi minti ɗaya ba wayarta ta yi ƙara, an cire. Yarinyar nan ta dube ni idonta ya ciko, ta ce, "Yaya, kuɗin tunkiyar Umma."

Sai ga wani saurayi daga bayanmu, fari, dogo, shadda tana maiƙo, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Wallahi irin waɗanda nake zana muku a littafi ne sak, har na ji kunyar kaina. Ya ce da murya mai taushi, "Ƙanwata kar ki yi kuka, kawo katin in duba miki, sake sa lambar mu gani." Auta har ta miƙa hannu. Ban san sanda na fizge katin ba, na ce, "Mun gode Malam, za mu shiga ciki." Ya yi murmushi ya ja baya, da muka fito kuma babu shi a layin. Ko mugu ne ko lambar waya yake nema, shi da Allahnsa. Amma mai gadin wajen ya ce da mu sabon zuwan ɗalibai lokacin kasuwar 'yan musayar kati ne: mutum ya tsaya yana kallon yatsunki ya haddace lambar, ya karɓi katin da sunan taimako, ya miƙo miki wani mataccen mai kama da shi. Kafin ki kai ɗaki an share asusun.

A cikin bankin suka ce ƙorafin sai a bankinmu za mu kai, tunda katin nasu ne. A nan na ƙara ganin wautata. Ƙa'idar da Babban Banki ya sa a 2020 ita ce, idan injin bankinki ne ya riƙe kuɗin a dawo da su nan take, in ya ƙi kada ya wuce awa 24, in kuwa na wani bankin ne awa 48. Muka kira lambar da ke bayan katin muka ba da bayani, muka je wajen mai POS ya yanki nasa cajin, muka sayi bokiti da risho, katifa kuwa aka ɗage. Daren nan a gidan wata ƙawar Umma muka kwana, Auta tana duba waya kamar mai jiran saƙon masoyi. Sai yammacin kwana na biyu kuɗin suka dawo, ta daka tsalle har mayafinta ya faɗi.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Muka tsaya a ƙofar ɗakin kwanansu na ce ta nuna min injin da za ta iya zuwa da ƙafa tsakanin lakca da lakca, da rana tsaka, inda akwai mai gadi da jama'a. Muka tambayi tsofaffin ɗalibai mata wanne ne ya fi samun kuɗi a ciki, wanne ne in an sami matsala ake sauraron mutum. Kowa da nata. Wata 'yar ɗakinsu ta ce ita Jaiz mahaifinta ya buɗe mata saboda ba ya son harka da kuɗin ruwa, bankin da ya fara aiki a 2012, ga kuma TAJ da ya biyo baya a 2019. Wasu kuma OPay ko Moniepoint suke sa ɗan na cefane don biyan mai shago ta waya. Muka zaɓi wanda ya fi kusa, kuma da yake BVN guda ɗaya ce ga mutum ko asusu nawa gare shi, ba mu sha wuya ba. Na Kano ya zama na ajiya, katinsa yana ƙasan akwati, sabon kuma na kashewa. Na sa ta haddace lambar da ake dannawa a rufe asusu ko da wayar wani ce, na yi ta yi mata tambaya a hanya kamar hadda.

Ana gobe zan taho sai ga ɗan Goggo ya zo. Don Allah in faɗi gaskiya, shi ya ɗauko katifar a kansa tun daga bakin titi, ya kuma yi ta zirga-zirgar takardunta. Da zai tafi sai ya ce, "Auta, layin injin nan akwai wahala, ki bar katin a wajena in riƙa ciro miki." Na yi kamar ina ninke kaya, kunnena yana wajensu. Ta yi ƙasa da kai ta ce, "Na gode Yaya, ai ga shi nan kusa, in zan wuce aji sai in tsaya." Ya waiwayo ya dube ni, ni kuwa na ci gaba da ninke zanin da na riga na ninke sau biyu.

Sati uku da dawowata ina cikin wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Naira 500 ce ta shigo, daga asusun Auta, da cikakken sunanta. A wajen bayani ta rubuta: kuɗin littafi, a ci gaba don Allah, 'yan ɗakinmu sun dame ni. Na kira ta na ce wa ya ce ta taɓa kuɗin abincinta, ta ce ai karo-karo suka yi su biyar, ɗari-ɗari, kuma wayarta za su riƙa karantawa. Kun ji 'yan jami'a, mutum biyar kuɗin mutum ɗaya. To na karɓa, ci gaban labarin kuma yana fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.