Kafa Ɗaya ta Hana Ni Barci

A hutun da ya wuce, ina isa gida na tarar da wani aiki yana jira na. Yayana da ke aiki a Ikko ya aiko da waɗansu 'yan akwatuna biyu, ɗaya modem, ɗaya rauta, ya ce in haɗa su da tsohuwar kwamfutar Baba da kuma tawa ta hannu. Ya riga ya biya kuɗin intanet na wata guda, watau duk ranar da ta wuce hasara ce. Baba kuwa ba kuɗin ne ya dame shi ba, so yake ya ga jikan da aka haifa masa a can, ga shi suna saura kwana uku. Ya dube ni ya ce, "To, ɗan jami'a, ga fili ga mai doki."

Ya kai mai karatu, ni fa Hausa nake karantawa. Da ajin aikatau bakwai na Parsons aka tambaye ni, da na zuba su kamar ruwa. Amma girman kai bai bar ni na ce ban iya ba.

Da na juya bayan rautar sai na ga kafofi biyar a jere. Na ɗauko kebul daga modem na cusa a ta farko da hannuna ya kai, na haɗa kwamfutar Baba a ta kusa da ita, na kunna. Fitilu suka kama, kwamfutocin biyu suna ganin juna, amma intanet ko ƙyas. Haka na kwana biyu ina kashewa ina kunnawa. Na zargi kebul, na zargi kamfanin, har na fara zargin Yaya da sayen jabu, Allah ya yafe mini.

Ran na uku da hantsi ƙanwata, wadda ke aji biyu na sakandare, ta kawo mini koko, ta tsaya tana leƙe. Sai ta ce, "Yaya, me ya sa huɗu rawaya ne, ɗaya kuma shuɗiya?" Na kore ta, na ce ba wasan yara ba ne. Tana fita na duba. Ashe a ƙarƙashin shuɗiyar an rubuta WAN, sauran huɗun kuma LAN, ni kuwa kwana biyu ban ko lura ba.

Ga yadda abin yake. Modem tafinta ne, shi ke karɓar saƙo daga kamfanin sadarwa ya juya shi zuwa harshen da kwamfuta ke ji. Rauta kuwa uwargida ce mai rabon tuwo: abin da ya shigo ta ƙofa ɗaya shi take kasawa, ta ba kowace na'ura lambarta don kada kwanon wani ya tafi ɗakin wani. To, shuɗiyar kafar nan ita ce ƙofar gida, ta nan kaɗai hatsi ke shigowa. Ni kuwa na kai tafinta cikin 'yan jiran tuwo na zaunar da shi, uwargida tana ta duban ƙofa ba ta ga kowa ba.

Na mayar da kebul mazauninsa, na kashe kome. Sa'an nan na kunna modem shi kaɗai, na jira fitilunsa suka daina ƙyaftawa, na kunna rauta, daga baya kwamfutoci. Tawa ba ta bukaci waya ba, kalmar sirrin da ke manne a gindin rautar na shigar mata, kuma nan take na sake wata, domin samarin unguwarmu ba su da dama. Matsala ɗaya ta rage, bangon ɗakin Baba mai kauri ne, saƙon iska yana raunana kafin ya kai tsakar gida. Sai na ɗora rautar a kan kabad kusa da taga.

Ran suna, bayan sallar asuba, Baba ya sa tabarau ya zauna gaban kwamfuta, Inna tana bayansa. Da fuskar jaririn ta fito ya daɗe bai ce uffan ba, sai Inna ce ta rangaɗa guɗa. Da aka gama Yaya ya tambayi wanda ya haɗa. Baba ya nuna ni, ni kuma na waiga na ga ƙanwata a bakin ƙofa tana murmushi. Har na dawo makaranta ban gaya wa Baba ba, amma ita na saya mata turmin atamfa daga kuɗin guzurina.