Ranar da Muka Je Giza

A hutun Kirsimeti muka tafi Masar da iyayena. Washegarin saukarmu Alkahira, Baba ya tashe mu da asuba muka nufi Giza. Tun a mota yake ba mu labarin dalar gyada da ya gani a Kano yana yaro. Da muka tsaya gindin dalar Khufu, mai kimanin shekara 4,500, sai ya yi tsit. Dutse guda ya kai ƙirjina!

Muka shiga a sunkuye, ga zafi ga cunkoso. Ƙanwata ta fashe da kuka, dole na fito da ita, ban kai ɗakin sarkin ba. Baba ya ce akwatin dutse ne kawai, ba kowa ciki. Duk da haka har yau abin yana cina.