Na Je Damagaram Ɗauko Autarmu

Tun ranar da aka kai autarmu aure Damagaram, Ummanmu ba ta ƙara yin barci mai daɗi ba. Kullum maganarta ɗaya ce, wai an kai mata yarinya garin da ruwan sha ma sai an saya. Ana nan ana nan sai ga juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, aka rufe boda, mijin Auta kuwa da ma abincinsa ke nan, ya saro kaya a Kano ya kai can. Ko da aka buɗe hanya a watan Maris na 2024, jarinsa ya riga ya narke a bakin tukunya. Rannan da daddare Auta ta bugo waya, muna cikin gaisawa sai muryarta ta karye, ta kashe. Umma ta dube ni ta ce, "Ki shirya ki je ki gano min ita. In kin ga yunwa a idonta, kada ki dawo min ke kaɗai."

Cikin sanyin Disambar 2024 na kama hanya. Muka wuce Kazaure, muka wuce Daura, muka sauka a Kwangwalam aka duba mu, muka tsallaka Ɗan Barto. A nan na canji kuɗi, na miƙa naira cike da hannu aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafi ba, gabana ya faɗi. Daga Matamaye zuwa Kance ba abin da ido ke gani sai karan gero da rumbuna da itatuwan gawo, su kaɗai ne kore shar a cikin rani, don shi gawo da damina yake zubar da ganye. A Takeita muka hau babban titin da ya fito daga Maraɗi, ana kiran la'asar muka shiga gari.

Abin da zai fara tarar baƙo a Damagaram duwatsu ne, manya-manya, wani kan wani kamar da hannu aka jera su, gidaje sun kewaye su. A kan irin wannan dutse garin yake zaune, shi ya sa rijiya ba ta cika yin albarka ba, ruwan famfo daga nesa da gari ake turo shi. Nan ne hedikwatar Nijar a zamanin Faransa har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake faɗa. Duk lungun da muka ratsa sai na ga yara da jarkoki masu ruwan ɗorawa, su "bido" suke ce musu. Na ce a raina, lallai Umma ta yi gaskiya.

Gidan su Auta a Birni yake, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, lunguna matsattsu da gidajen ƙasa masu zane a fuskar zaure. Na yi sallama na shiga da shirin ganin baƙin ciki, sai ƙamshin na'a-na'a ya dake ni. 'Yar'uwa mai karatu, gani ya kori ji. Jikin katangar yamma tun daga bakin madafa har ƙofar banɗaki tukwane ne a jere: fasasshiyar randa, tulu mai karyayyen wuya, bidon da aka yanke biyu, tsohon bokiti, buhun siminti, har da kwanon sha da ya huje. Kowanne da abin da ke cikinsa. Alayyafo, yakuwa, lalo, ɗoɗɗoya, albasa mai lawashi, latas da su ke kira salati, da tumatir guda huɗu an kafa musu kara.

Auta ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ta rame, ba zan ɓoye ba, hannunta kuma ya yi kaushi. Kafin in buɗe baki sai ga uwar mijinta ta fito da buta, tsohuwa doguwa mai zanen baƙi.

"Maraba da Bakanuwa," in ji ta. "Zamanin Sarki Alu, Amadu Kuran Daga ya je muku da yaƙi, yanzu kuma ke ce kika zo mana da naki?"

Na durƙusa na gaishe ta, kunya ta rufe ni, don ashe ta karanci abin da ya kawo ni.

Washegari da asuba na ga sirrin lambun. Inna ba ta alwala a bakin rariya, a kan wata tsohuwar tasa take yi, Auta ma haka. Ruwan wankin shinkafa, ruwan tsarin gero in akuya ta rage, ruwan da aka ɗauraye ganye, duk a bokiti ɗaya ake tara su. Na ɗauki ruwan wanke-wanke zan juye a ciki don in nuna ni ma na iya, Inna ta riƙe hannuna. "A'a 'yata, mai omo da mai maiƙo ba ya shiga garkata, ƙone saiwa yake." Garka, wato lambu. Ta ce a gidanta ba a yarda ruwa ya tafi da aiki ɗaya ba, tunda da kuɗi aka sayo shi.

Na zauna kan kujera 'yar tsugunno ina kallonta tana haɗa sabuwar tukunya. Ta huda gindin da ƙusa, ta ɗora tsingaro a kan hujin don kada ƙasa ta toshe shi, ta cuɗa ƙasa da yashi da kashin awaki wanda ya kwana biyu ya ruɓe, ta ce ɗanyen taki zafi gare shi. A tsakiyar babbar randa kuwa wani ɗan tulu ta binne har wuya, irin na Mirya, garin da ke kimanin kilomita 18 gabas da nan, wanda ya yi suna a ginin tukwane da lambuna. Tulun ake cikawa a rufe bakinsa, yana tsatsafo da ruwa a hankali zuwa ga saiwa, rana ba ta sha ko ɗigo. Gindin albasar da mu a Kano muke watsawa a shara shi take dasawa ya ba ta lawashi. Na'a-na'a reshe ake karya a soka, amma sai an ware mata mazubinta, in ji Inna, don halin muguwar kishiya gare ta, in ta shiga sai ta mamaye ɗaki. Alayyafo wata guda ya isa yanka, ya sake tofowa. Tumatir na sanyi ne, da zafin bazara ya kama furen yake zubewa, ba ta ma wahalar da kanta. Ƙwari kuma toka ce maganinsu da ruwan jiƙaƙƙen ganyen darbejiya, kaji da ƙadangaru an tare su da yagaggen gidan sauro.

Da dare muna kwance na tambayi Auta kukan me ta yi a waya. Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ranar kwana uku ba a ba da kuɗin cefane ba, shi kuma ya kasa haɗa ido da ni. Amma wallahi ba mu taɓa cin tuwo gaya ba." Ta ce tun da abin ya faru Inna ta raba tukwanen biyu ta ba ta rabi. Masu shayin unguwa suna aiko yara sayen na'a-na'a, maƙwabta suna sayen salati, da 'yan dalolin nan take sayen gishiri da daddawa da sabulu, har ta shiga adashi.

Gaskiyar magana, tukwane ashirin ba sa ciyar da gida. Gero da mai da kuɗin asibiti suna nan a wuyan namiji, na kuma faɗa wa mijin haka da bakina, ya sunkuyar da kai ya ce ya samu mai ba shi kaya bashi. Amma na duba idon yarinyar nan da kyau kamar yadda aka umarce ni. Na ga gajiya, ban ga yunwa ba. Na ce mata, "Ko za ki bi ni ki huta wata guda?" Ta ce, "Yaya, tumatirina ya fara nuna, wa zan bar wa?"

Ranar da zan taho Inna ta karyo rassan na'a-na'a biyar ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta cusa min a jaka tare da ƙullin irin yakuwa. Ta ce in gaida Umma, in ce mata amanarta tana nan.

Na iso Kano bayan isha'i. Umma tana zaune a tsakar gida, ta leƙa bayana ta ga ba kowa, fuskarta ta canza. Na kwashe labari na ba ta tun daga Kwangwalam, na kwance tsumman na ajiye a gabanta. Ta ɗauki reshe ɗaya ta murza ganyen ta shinshina, ta daɗe ba ta ce uffan ba.

Can ta ce, "Randar nan da ta tsage a bayan kicin, an yar da ita ne ko tana nan?"